Kilo Arba'in na Yashi a Lif ɗin Babban Kanti

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wata Laraba, Baba Sikeli ya shiga Babban Kanti ta ƙofar ma'aikata, ya sa rigarsa ta aiki mai maɓallan tagulla, ya ɗauki tsumma da gwangwanin mai, ya nufi lif, wato ɗakin nan na ƙarfe da ke hawa da sauka da mutane tsakanin benaye. Shekara talatin da huɗu ke nan yana tuƙa shi. Ya goge ƙofar, wadda raga ce ta ƙarfe da aka murɗa ta yi siffar ganyaye, ya ɗiga mai a inda ke ƙara, ya kuma ɗiga a inda bai fara ƙara ba tukuna. Sannan ya kama hannun tuƙi, ya hau zuwa hawa na uku, ya sauko. Lif ɗin ya yi nishi sau biyu, kamar yadda yake yi kullum, Baba ya gyaɗa kai.

Ginin kansa ya haura shekara ɗari. Wasu 'yan kasuwa biyu, wa da ƙani, su suka gina shi, kuma ba su taɓa daidaitawa a kan komai ba. Shi ya sa tagogin gefen dama suke da kai zagayayye, na gefen hagu kuma masu kusurwa huɗu ne, ƙofar shiga tana tsakiya ba ta goyi bayan kowa ba. A ciki akwai ginshiƙai goma sha biyu, da matakala ta dutsen marmara wadda tafin ƙafar masu saye ya lotsa tsakiyarta. Hawa huɗu ake ciniki a cikinsu: tufafi a ƙasa, takalma da jakunkuna a na biyu, labule da katifu a na uku, kayan girki da na lantarki a na huɗu. Akwai hawa na biyar, amma an rufe shi tun kafin Baba ya zo, an toshe matakalarsa da bulo, an yi wa na huɗu silin, kowa ya manta da shi.

Sunan Sikeli kuwa aiki ne ya jawo masa. Birkin lif ɗin yana kamawa, sai dai yakan yi ɗan tunani kafin ya kama. In kaya sun yi nauyi ya tsaya ƙasa da inda ake so, in sun yi sauƙi ya zarce. Saboda haka dole mai tuƙi ya san nauyin duk wanda ya shigo, domin ya san lokacin da zai saki hannun tuƙi. Baba ya koyi auna mutum da ido, har ya kai ba ya kuskure da fiye da rabin kilo. Matsalar ita ce bakinsa bai iya riƙe abin da idonsa ya gani ba. Ranar da babbar 'yarsa ta kawo saurayinta gaisuwa, kafin yaron ya gama durƙusawa Baba ya ce, "Saba'in da biyu, amma ɗaya na takalmi ne." Tun daga ranar maiɗakinsa ta kafa masa doka cewa in baƙi suka zo gidan, ya riƙa kallon bango har su zauna.

Hawa na huɗu shi ne mai wuyar sha'ani. Lif ɗin ba ya tsayawa a can daidai sai abin da ke cikinsa ya kai kilo ɗari da arba'in. Wanda Baba ya gada mutum ne mai jiki, har ya yi ritaya bai san akwai wannan matsala ba. Baba kuwa kilo sittin da uku ne, ko ya ci ko bai ci ba. Da ya gaji da zarce wuri da masu saye, sai ya samo wani tsohon mutum-mutumi daga sashen tufafi, irin wanda ake sa wa riga a ajiye a taga, ya ɗura masa yashi kilo arba'in, ya ɗinke, ya jingine shi a kusurwar lif. Ma'aikata suka sa masa suna Malam Shiru. Shekara ashirin da shida suna aiki tare, ba su taɓa saɓawa ba, kuma tsofaffin masu saye sukan gaishe su duka biyu.

Wannan Larabar ba kamar sauran ba ce. Hukumar adana gine-ginen tarihi ta amince za ta sa Babban Kanti a rajistarta, kuma ranar ce jami'arta za ta zo ta rubuta sassan da ba za a ƙara taɓawa ba. Manaja ya yi wa Baba bayani dalla-dalla tun ranar Litinin. In jami'ar ta rubuta lif ɗin, zai zauna yadda yake, da mai tuƙinsa. In ta ga ya lalace ta tsallake shi, za a cire shi a kawo na zamani mai maɓalli, wanda ba ya bukatar kowa, Baba kuma a mayar da shi bakin ƙofa ya riƙa jera kwandunan sayayya har ritayarsa. Manaja ya faɗi haka da fuskar tausayi, amma takardar tallan sabon lif tana leƙowa daga aljihunsa.

Baba ya kwana biyu yana tunani, ya kai ga cewa duk mai hankalin da ya ga mutum-mutumi cike da yashi a cikin lif zai gane akwai abin da ake ɓoyewa. Don haka da ya gama gwajin safe, ya jawo Malam Shiru ya kai shi sashen tufafi, wurin ƙanwar matarsa, wadda ta shekara goma sha takwas tana sayar da riguna a nan, kuma ba ta taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba.

"Ƙanwata, ki ɓoye min shi zuwa la'asar."

Ta dubi Malam Shiru, ta dube shi. "Yaya, yau kuma kunya kake ji da shi? Mutumin da ya fi ka amfani a lif ɗin nan?"

"Ke dai ki taimaka. Manaja zai raka baƙuwar, shi kaɗai kilo casa'in da takwas ne. Lissafi ya fita ba tare da Malam Shiru ba."

"In na ɓoye shi, za ka daina gaya wa matarka cewa na ƙara ƙiba?"

"Zan daina faɗa. Ganin ne ba zan iya dainawa ba."

Ta ja tsaki, ta ɗauko rigar ruwa da malafa ta sa wa Malam Shiru, suka kinkime shi suka tsayar a babbar tagar gaba tsakanin 'yan uwansa marasa nauyi. Ya tsaya a karkace, kamar wanda aka kawo wurin da bai san kowa ba.

Ƙarfe goma jami'ar ta iso. Mace ce siririya mai tabarau, da ƙaramar jaka da igiyar awo da littafi. Tun tana bakin ƙofa Baba ya auna ta, zuciyarsa ta ɗan faɗi, domin kilo arba'in da bakwai ce har da jakar. Ya dubi Manaja, hankalinsa ya dawo.

Ta ɗauki kusan sa'a guda a hawan ƙasa. Ta ƙwanƙwasa ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa ta shafa lotsawar matakala, ta tambayi dalilin da ya sa tagogin ba su yi kama da juna ba. Manaja ya ce salon gini ne na wancan zamani. Mai riguna, ƙanwar matar Baba, ta ce faɗa ne na 'yan uwa. Jami'ar ta rubuta na biyun. Daga nan ta zo gaban lif, ta tsaya tana kallon ganyayen ƙarfen kamar wadda ta haɗu da tsohuwar ƙawa.

"Sannu da aiki, Baba. Yana tashi kuwa?"

"Yana tashi, ranki ya daɗe. Bai taɓa fashi ba."

"To a kai ni can sama, in riƙa duba benayen ina saukowa."

Baba ya buɗe ƙofa, ta shiga, ya matsa gefe domin Manaja ya wuce. Manaja bai motsa ba.

"Ku hau, ni zan bi matakala," in ji shi. "Likita ya ce in riƙa hawa da ƙafa."

"Yallaɓai, yau ɗaya dai. Ai bai kamata baƙuwa ta tafi ba rakiya ba."

"Ba kai kake sanar da kilona kullum a gaban masu saye ba? Maganarka ce ta kai ni wurin likitan. Mu haɗu a sama." Ya juya ya kama matakala.

Baba ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ko Allah zai kawo wani mai jiki da ke neman tukunya. Babu kowa sai wata tsohuwa da ke taɓa yadi, ita ma ba ta kai hamsin ba. Ya tambayi jami'ar ko a kawo mata kujera ta zauna, irin ta katako mai nauyi. Ta ce ba ta gaji ba. Ya tambaye ta ko tana son ta fara da hawa na uku, inda labule suke da kyau ƙwarai. Ta ce ba labule ta zo gani ba. In ya ce lif ɗin ba zai kai na huɗu ba, ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Ya rufe ƙofa, ya yi addu'a a zuci, ya ja hannun tuƙi.

Sun wuce na biyu lafiya, sun wuce na uku lafiya. Tun suna tsakiyar hanya Baba ya saki hannun tuƙi, da wuri fiye da yadda ya taɓa yi a rayuwarsa. Birkin ya fara tunaninsa. Hawa na huɗu ya zo, tukwane da na'urorin dafa ruwa suka bayyana, suka yi ƙasa, suka ɓace. Aka ji wani ƙas, injin ya mutu, lif ɗin ya tsaya cik.

"Nan ne hawa na huɗu?" in ji jami'ar.

"Mun ɗan gota shi, ranki ya daɗe."

Ba ta ji amsar ba, domin ta riga ta manna fuskarta a ragar ƙofa. Kansu ya shiga hawa na biyar. Ta cikin ragar ana ganin wani faffaɗan ɗaki cike da ƙura, da kujeru a kife a kan tebura, sama da su kuma ƙubba ce ta gilashi mai launi, shuɗi da ja da ruwan zuma, rana tana ratsa ta tana zuba launukan a kan daɓe. Ƙaton allon talla da ke saman ginin ya tare ta daga titi, silin kuma ya tare ta daga ciki. Baba da kansa bai taɓa ganin ta ba, ko da yake shekara talatin da huɗu yana tsayawa ƙasa da ita.

"Takardunmu sun ce an rushe wannan tuntuni," ta ce a hankali. Ta ciro wayarta ta shiga ɗaukar hoto ta kowace kafa ta ragar. "Baba, da gangan ka kawo ni nan?"

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, tana da kyau, tana da sauƙi. Ya haɗiye ta. "A'a. Zarcewa muka yi."

Daga ƙasa aka ji haki. Manaja ya iso hawa na huɗu, ya buɗe ƙofar waje, bai ga komai ba sai takalma ƙafa huɗu a daidai goshinsa, domin tsakanin daɓen lif da saman ƙofar kamu ɗaya kawai ya rage.

"Sikeli, me kuke yi a can?" ya tambayi takalman.

"Yallaɓai, nauyi ne bai isa ba. In aka ƙara mana kilo talatin, zai nutso ƙasa kaɗan, injin ya sake kamawa."

Manaja ya sa aka fara miƙo duwatsun guga a kwalayensu, saboda su ne mafi kusa. Baba yana karɓa yana faɗin nauyi. "Ɗaya da ɗigo biyu. Ɗaya da rabi. Wannan ɗaya cif, babu wayarsa a ciki, a duba." Jami'ar ta bar hoto, ta fara juya kwalayen tana karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Sau shida ta duba, sau shida ya yi daidai. Ta buɗe na ukun, ba waya.

Duwatsun guga suka ƙare a kan kilo takwas. Aka miƙo tukwane biyu, ta uku ta ƙi shiga kafar. Manaja ya ce ba zai yarda a ƙuje sabon kaya ba. Ana cikin haka mai riguna ta iso, ta ɗaga kai ta yi magana da takalmin mijin yayarta.

"Yaya, a daina wahalar da kayan mutane. A ɗauko Malam Shiru kawai."

"Wane ne Malam Shiru?" in ji jami'ar. "Injiniyanku ne?"

"Ya daɗe a aikin dai," Baba ya amsa, yana kallon ƙasa.

Tunda lif ɗin yana sama, babu hanyar kawo Malam Shiru sai matakala. Manaja ya kama kafaɗu, mai riguna ta kama ƙafafu, suka fito da shi daga taga a gaban masu wucewa, da rigar ruwansa da malafarsa. Wata mata ta tambaya ko a kira motar asibiti. A hawa na biyu ɗinkin diddigensa ya fashe, yashi ya fara tsiyaya, ba wanda ya lura sai dai Manaja ya ce yana jin ƙarfinsa yana ƙaruwa. Da suka kai sama, masu saye kusan ashirin suna biye da su. Aka cusa kan Malam Shiru a kafar, malafa ta faɗi, kafaɗu suka maƙale, Manaja ya sa kafaɗarsa ya tura, Baba da jami'ar suka ja daga ciki, har ya shigo gaba ɗaya ya kwanta a kan ƙafafunsu.

Baba ya ɗaga shi ya jijjiga. "Ya rame. Talatin da huɗu."

"Mu ma mun rame," in ji Manaja daga ƙasa.

Lif ɗin ya yi nishi, ya nutso kamar taki ɗaya, injin ya kama. Baba ya sauko da su ya tsayar a hawa na huɗu, daɓe da daɓe, ko tsinin allura bai gota ba. Masu saye suka tafa. Shi kuwa bai ɗaga kai ba. Ya cire hularsa, ya gaya wa jami'ar komai: tunanin birkin, da kilo ɗari da arba'in, da shekarun da Malam Shiru ya yi a kusurwa, da yadda ya ɓoye shi da safe don kada a ce lif ɗin ya lalace.

Ta saurare shi har ya gama, tana goge tabaraunta da gefen mayafi.

"Baba, na shiga gine-gine da yawa," ta ce. "Akasari in na tarar da irin wannan lif, a kulle yake, an tara tsintsiya da bokiti a ciki, wanda ya san kansa ya daɗe da rasuwa. Birkin nan za a kira injiniya ya gyara shi da irin kayansa na asali, wannan ba shawara ba ce. Kafin nan, kada a kai kowa hawa na huɗu ba tare da wannan bawan Allah ba." Ta nuna Malam Shiru da biro. "Amma da ka bar shi a inda yake, da mun gama tun ɗazu."

"Da kuma ba ki ga gilashin ba," in ji mai riguna.

Jami'ar ta yi kamar ba ta ji ba. Ta buɗe littafinta tana rubutu tana karantawa a fili: ƙubbar gilashi ta hawa na biyar, lif mai tuƙin hannu, da ragarsa, da hannun tuƙinsa, ya ci gaba da aiki a hannun mai tuƙi. Ta dubi Malam Shiru. "Da kuma ma'aunin nauyi guda ɗaya, na yashi, mai siffar mutum. Kilo nawa?"

"Arba'in, ranki ya daɗe. Wato da safe."

"Arba'in na rubuta. Gobe za a zo a ɗauki hoton komai a auna, a same shi yadda yake a takarda."

Manaja ya zaro takardar tallan sabon lif daga aljihunsa, ya yi fifita da ita, ya tambaya ko dokar ta hana a buɗe wurin shan shayi a ƙarƙashin ƙubbar. Ta ce su yi maganar a ofis. Suka sauka, wannan karon Manaja a cikin lif, ya ce likita bai ce sau biyu a rana ba.

Saura kilo shida, suna warwatse a kan matakala daga hawa na biyu zuwa na huɗu. Baba ya roƙi masu shara kada su taɓa wurin, ya sa kujeru ya tare gefe guda. Tsakanin hawa da sauka da masu saye, duk lokacin da ya samu sarari, ya ɗauki tsintsiya da abin kwashe shara ya bi matakalar tsani-tsani, yana tono yashi daga lotsawar marmara. Ya ari rariya daga sashen kayan girki ya tankaɗe, ya fitar da maɓalli biyu, da fil, da ɗan kunne guda wanda ya kai ofis. Da la'asar sakaliya ya ɗaga bokitin ya ji kilo biyar da rabi. Sauran rabin ya tafi gidajen mutane a ƙasan takalma.

"Ka cika da sukari mana, wa zai sani?" in ji mai riguna, tana miƙo masa basilla da zare mai kauri.

"Takarda ta ce yashi."

Ya je bayan matakala inda bokitin kashe gobara yake, ya ɗebi tafi biyu, ya mayar da kaɗan, ya ƙara ɗan mitsitsi. Ya kifa Malam Shiru a kan benci, ya ɗura yashin ta diddige da mazurari, ya ɗinke wurin ninki biyu, ya ciji zaren. Sannan ya rungume shi ya ɗaga, ya tsaya jim yana saurare da hannuwansa. Arba'in ne. Ya cire masa rigar ruwan ya mayar wa mai ita, ya ja shi zuwa kusurwarsa ya jingine, ya rufe ragar lif ɗin ya sa kwaɗo.